Ranar da Baba Ya Shafa wa Birkina Mai

A gidanmu da ke gindin dutsen Kagoro, yammacin Asabar na shirin Lahadi ne. A yi wanki, a yi guga, a goge takalma, Baba kuma ya fito da gwangwanin baƙin mai da gashin kaza ya bi duk wani ƙarfen da ke gidan yana shafawa. Tun yana mai bishara yake haka, lokacin da yake zagaya ƙauyuka a kan dogon baƙin kekensa. A wurinsa, ma'aikacin Ubangiji ya iso ƙofar majami'a keke na ƙiiƙ-ƙiiƙ daidai yake da ya hau wa'azi da riga a yamutse. Mun tashi mun tarar da wannan doka, kuma ba wanda ya taɓa tambayar a wace aya aka samo ta.

Yanzu tsufa ya zo. Yanar ido ta rufe masa gani, karatu ya gagara, wa'azi an miƙa wa matasa, gonar ma wani ɗan'uwa ke nomawa. Tun da Mama ta rasu ni da shi muka rage a gidan. Abu ɗaya ne ya saura wanda ba mai yi sai shi, wato wannan aikin na Asabar, kuma babban abin shafawa a gidan kekena ne. Duk mako yana jiran yammacin nan. Na san haka sarai, shi ya sa maganar birkin nan ta tsaya mini a wuya.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, kuma aikina yana kai ni wani ƙauye da ke can kan tudu, inda nake yi wa yara allurar rigakafi ina kuma duba masu ciki. Masu acaɓa in damina ta zauna ba sa son hanyar, in ma sun yarda sai sun gama ja maka rai. Da na gaji sai na sayi keken hawan dutse na gwanjo a Kafanchan, mai kaurin taya, birkinsa kuma ba irin na da ba ne mai roba yana kama wili. Wani faifan ƙarfe ne a tsakiyar taya, da wasu 'yan takalma biyu da ke cafke shi in ka matsa.

Hawa ba ya damuna, inda ya yi tsauri in sauka in tura. Gangarowa ce bala'i, kuma laifin matan ƙauyen ne. Ba a barinka ka sauko hannu wofi. Wannan ta kawo doya, waccan ƙullin acca, wata ɗankwali cike da fiya. In na ce kayan sun yi yawa sai su ce, “Sista, ka ɗauka mana, ba naka ba ne, na Baba ne.” To wa ya isa ya mayar da kyautar da aka ce ta Baba ce? Haka zan ɗaure su a kariyar bayan keke, a kan akwatin sanyi na allurai, in kamo gangara da nauyin da ya fi wanda na hau da shi. Kafin in kai rabi faifan ya ɗau zafi, birki ya saki jiki, ina matsawa har yatsuna su sage amma keke na ta tafiyarsa. Rannan da na tsaya na ɗiga masa ruwa sai da ya yi cuuu.

Na shiga bincike a waya, ina kallon masu gyara suna bayani, har na gane cewa faifan nawa ne ya yi ƙanƙanta. Lambarsa ɗari da sittin, wato faɗinsa ke nan a milimita. Akwai ɗari da tamanin, akwai wanda ya haura ɗari biyu. Babba ya fi riƙo, kuma ya fi jure zafi domin yana da wurin da zai baza shi. Na ɗauki keke na kai wa wani mai gyara a bayan kasuwar Kafanchan, mutumin kirki, tun kakanninsa suke wannan layin. Yana ganin hotunan a wayata ya ɗora yatsa a kan mafi girma.

“Sista, ki sa wannan kawai. Ko tirela ce zai tsayar.”

Na ce masa ba tirela nake tuƙawa ba. Na nuna masa rubutun da ke jikin ƙafar gaban keken, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar, inda aka ce iyakar abin da za ta ɗauka ɗari da tamanin ne. Ya ce ai masu rubutun tsoro ne da su, ba su san dutsenmu ba. Na ce ko sun sani ko ba su sani ba, ƙarfen da suka ƙera su suka san ƙarfinsa, kuma babban faifai a kan tsakuwa yana iya kulle taya ya kifar da ni. Wani mai sayar da taya a gefe ya sa baki, wani direba da ya zo shan inuwa shi ma ya sa, dukansu bayan babba suke. A garin nan in dai abu na da babba, to ƙaramin na marasa hali ne. Sai da na ce zan ɗauki kekena in tafi sannan mai gyara ya ce, “To, jikinki ne.” Muka tsaya a kan ɗari da tamanin a gaba, na baya a bar shi yadda yake.

Daga Kaduna aka aiko kayan ta hannun direban bas: faifan, da wani ɗan ƙarfe da ke ɗaga gidan birkin ya dace da sabon faɗin, da takalman birki masu haɗin ƙarfe, domin an ce sun fi jure zafi da ruwa. An kuma ce suna da surutu, amma ban ɗauki wannan da muhimmanci ba. Muka ɗaura, na yi ta kai da kawo a bayan tasha ina matsawa ina saki don takalman su saba da faifan. Ranar da na fara gangarowa da shi, da yatsa ɗaya na riƙe keke da doya da komai. Har waƙa na yi a hanya.

Sai dai kukan. Da safe in raɓa ta sauka, ko in na ratsa ruwa, ina taɓa birki sai ya ƙwala ihu kamar ana yanka alade. Ni ko a jikina, tunda yana tsayawa. Baba kuwa tun ina kan kwanar layinmu yake jiyo ni. Mamana yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

“Mamana, keke nan yana kuka.”

“Na ji, Baba. Haka sabon yake. Ba a sa masa mai.”

“Wa ya ce?”

“Masu yin sa.”

Ya yi tsaki. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya hau keke tun ba a haife ni ba, ya san ba a sa wa robar birki mai. Ya laluba ya ƙwanƙwasa faifan da farce, ya ce amma wannan ba roba ba ne, ƙarfe ne a kan ƙarfe, kuma tunda aka halicci duniya ba a taɓa barin ƙarfe ya ci ƙarfe a bushe ba. Na yi bayani da Hausa, na yi da Turanci, na koma harshenmu na gida. Na ce cin da yake yi shi ne aikin nasa. Da na ga bai shiga ba sai na ce bari in nuna masa a aikace. Na hau ɗan tudun bayan makaranta na gangaro da gudu ina riƙe da birki, na zo na kama hannunsa na kai kusa da faifan don ya ji hucin da ke fita.

“Ka ji, Baba? Wannan zafin shi ne gudun da ya cinye.”

Ya janye hannu ya girgiza kai. “Kin gani ko? Har zazzaɓi yake yi. Mai yake nema.”

Na dai roƙe shi, sarƙa tasa ce, feda tasa ce, duk inda ya ga dama ya shafa, faifan nan biyu kawai ya bar mini. Ya ce ya ji. Ban lura ba cewa “na ji” ya ce, bai ce ya yarda ba.

Abin da ya ɓata lamarin wata Asabar ce da na biyo ta gaban majami'a bayan an ɗauke ruwa. Zumuntar mata na koyon waƙa a ciki, wata akuya ta gitta, na cafke birki. Ihun da ya yi sai da ganga ta tsaya. Kafin in kai gida labari ya riga ni, wani dattijon ikilisiya ya biya ya ce wa Baba cikin raha, ashe gidan mai bishara ma mai ya ƙare. Na tarar da shi fuska a ɗaure. Ni kuma na jingine keke a gindin mangwaro kamar kullum na tafi kitso.

Ran Litinin da na kama hanya na ji birki shiru. Har murna na yi, na ce a raina kai, takalman nan sun saba ke nan. Daga gida zuwa gindin tudu shimfiɗa ce, ba a bukatar wani matsi, hawa kuma ba ruwansa da birki. Na gama aikina, aka ɗora mini kayan Baba kamar yadda aka saba, ranar har da kaza da aka ɗaure wa ƙafa. Na kamo gangara, na sa yatsa ɗaya, ban ji komai ba. Na sa biyu. Na damƙe da hannu gaba ɗaya, gaba da baya, mariƙin ya yi tauri yadda ya kamata amma keke sulɓewa kawai yake yi, babu ko ƙara. Na sauke ƙafafu ina jan ƙasa, takalmi ɗaya ya fice. A gabana akwai kwana, bayan kwanar duwatsu ne, a hannun hagu kuma gonar citta ce da aka lulluɓe da ganye. Na ce Yesu, na karya kan keke na faɗa gonar.

Ganyen nan ne ya cece ni. Na ƙuje gwiwa da gwiwar hannu, farar rigata ta yage, doya ta watse, kaza na ta kururuwa a cikin kunya. Mai gonar, wani tsoho, ya rugo yana “Sannu, Sista, sannu,” yana ɗaga ni yana satar kallon cittarsa da na tumurmushe. Da na samu numfashi na ja keken na shafa faifan da yatsa. Baƙi ƙirin, da warin da na sani tun ina yarinya. A cikin ɗaya daga cikin hujojin faifan har da ɗan guntun gashin kaza a maƙale.

Da ƙafa na ƙarasa, ina ɗingishi ina tura keke, takalmi ɗaya a hannu. Duk wanda na haɗu da shi sai ya tambaya, ni kuma in wuce cikin haushi. Ina shiga gida, kafin in buɗe baki, Baba ya yi murmushi daga kan kujerarsa.

“Yau ban ji shigowarki ba sam. Kin ga aiki?”

“Baba, ka sa wa birkina mai?”

“Kaɗan. Gaba da baya, don kada ɗaya ya ji haushin ɗaya.”

Allah ya sani, da wani ne ba shi ba da unguwa ta taru. Na cije, na matsa kusa, na kama hannunsa na ɗora a gwiwata inda jini ya bushe. Ya shafa, ya sake shafawa, ya bi yagewar rigar da yatsa har ƙasa. Na faɗa masa inda na faɗi da abin da ke bayan kwanar, ya san wurin, ya bi ta nan da nasa keken ba adadi. Na ɗauka yau kam an gama, magana ta shiga. Sai ya ce, a hankali, “Kayan zamani nan ba su da gaskiya. Abu da ɗan mai kaɗan zai lalata, ai ba abu ba ne.”

Na shige ɗaki na rufe ƙofa, don in na tsaya zan faɗi abin da ba a faɗa wa uba.

Takalman birkin sun sha mai har ciki, ba su da gyara, sai zubarwa. Faifan biyu na kwance su na wanke da sabulu, na bi da sifirit irin wanda muke goge fata da shi kafin allura, na yi ta gogewa har farin ƙyalle ya daina baƙi. Sabbin takalma kuma sai an sake aikowa daga Kaduna, don haka na koma roƙon masu acaɓa, suna mini dariya suna tambayar ina jirgin nawa. Yayana da ke Kaduna ya kira ni a waya, ya ce maganar ba ta da tsawo, in riƙa kulle keken a ɗakina, rai ya fi gashin kaza. Daga nesa komai sauƙi ne da shi. Amma na duba gwiwata na ga gaskiyarsa, kuma har lokacin a cike nake.

Da kayan suka iso aka ɗaura, Asabar na yi na tura keke ɗaki na murɗa makulli. Da yamma Baba ya fito da gwangwaninsa, ya nufi gindin mangwaro, ya miƙa hannu inda keken ke jingina. Ya laluba jikin bishiyar, ya zagaya ta. Ina kallonsa ta taga. Ya je ya shafa wa ƙofar gida, wadda ba ta taɓa yin kuka ba, ya shafa wa amalanke, ya dawo ya zauna da gwangwanin a cinya har aka kira sallar magariba a masallacin bakin titi. Na ce a raina ya yi ta zama, ni ma ai na zauna a gonar citta.

Asabar ta gaba gwangwanin bai fito ba. Shi ma bai fito ba. Na leƙa na same shi kwance da rana tsaka, fuska ga bango, rediyo a kashe. Na ce ko jikin ne, ya ce lafiya lau, hutawa yake yi, ai ba abin da ake jira ya yi. Takalmansa na zuwa sujada ma, da yake gogewa da kansa yana lalube, suna nan da ƙurar makon jiya. Na tsaya a bakin ƙofa raina na tafasa. Ni aka kayar, ni ke da tabo, ni na yi ta bin masu acaɓa, amma ga shi ni ce zan je in yi lallashi. Na ji haushinsa, na ji haushin yayana, na ji haushin dattijon da bakinsa bai iya shiru ba. Tausayi kuma ya zo ya danne su duka, wannan ma ya ba ni haushi.

Na buɗe ɗaki na fito da keke, da gangan na ja birki a tsakar gida ya yi ɗan ƙara. Na shiga kicin na ɗauko leda da tsohon murfin tukunya. Na naɗe gidajen birkin biyu da leda na ɗaure tam, sannan na leƙa ɗakinsa.

“Baba, sarƙar nan ta bushe. In ba ka zo ba gobe da kuka za ta kai ni sujada.”

Ya ɗau lokaci kafin ya tashi, don kada a ce jira yake yi. Ya fito da gwangwanin, ya zauna a kan 'yar kujera, na tsuguna a ɗaya gefen na kare faifan baya da murfin tukunya. Ya miƙa hannu ya ci karo da murfin. Ya ƙwanƙwasa shi, ya taɓa ledar, ya gane abin da na yi. Na shirya jin tsaki da wa'azin ƙarfe a kan ƙarfe, har na tanadi amsa. Sai ya ajiye gashin kazar ya miƙo mini hannunsa.

“Nuna mini inda nawa ya tsaya.”

Na kama hannun. Na bi da shi kan feda, na bi da shi kan sarƙa tun daga gaba har baya, kan haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya, har yatsunsa suka taɓa bakin murfin.

“Daga nan zuwa can naka ne, Baba. Bayan murfin nan ba naka ba ne.”

Ya sake bin wurin shi kaɗai, a hankali, yana aunawa da tafin hannu. Duka-duka bai wuce kamu biyu ba.

“To,” ya ce. “Kullum gonar tawa raguwa take yi.”

Ya tsoma gashin kazar a mai, ya karkaɗe shi a bakin gwangwani, ya ce in juya masa feda a hankali, kuma in riƙe murfin da kyau don kada mai ya tsallaka.